Ƙas-ƙas a Injin Motar Baba

Tun da na dawo daga Kusiri ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya biyo ta rumfata a kasuwar kifi ta Baga Road, kafin ya taya banda sai ya tambaye ni yadda aka yi na tsallaka ƙasa da motar da ta girme ni, da kuma ko gaskiya ne da muciya aka gano ciwonta. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura kowa ya tashi daga wajena sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya wani ya zo yana ba ni labarina da kaina, wai tura motar na yi tun daga Dikwa har Kamaru. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, in huta.

Motar ta Babanmu ce, Malam Isa direba. Tsohuwa ce mai dogon baya, fara, irin wadda yanzu sai ka yi wata ba ka ga 'yar'uwarta a titi ba. Da ita ya yi jigila tsakanin Kano da Maiduguri, da ita kuma ya kwaso mu muna ƙanana ya zaunar da mu a Galtimari. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun dama ya daina aiki, harshe ya yi nauyi, sai ya wuni bai furta kalma uku ba. Kunnensa kuwa ras yake. Kowace safiya mukan fito da shi kan kujera ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ni kuma in tayar da motar in bar ta tana aiki, shi yana saurare ido a lumshe. Abin da ya rage masa ke nan na sana'arsa, kuma duk gidan mun san haka.

To, ni mutum ne mai gaggawa, ban ɓoye ba. A ƙarshen damina na ɗauki motar ban gaya wa kowa ba, na tafi Dusuman ɗauko buhunan wake a gonar wani abokina. A hanyar dawowa na tarar da kududdufi ya cinye hanya. Mai hankali zai juya, ni kuwa na taka totur na faɗa. Ruwa ya kawo har bakin ƙofa, motar ta yi tari sau biyu, ta fita da kyar. Rediyo ya ɗauke nan take. A cikin shirun nan ne na fara jin wata ƙara daga inji, ƙas-ƙas-ƙas, in na taka mai ta ƙara sauri, in na saki ta lafa. Na kuwa san wanda zai ji ta kafin kowa.

Washegari ban tayar da motar ba. Na ce wa Baba batir ne ya mutu. Ya dube ni, ya dubi motar. Haka muka yi mako uku. Kullum a fito da shi, ya zauna yana kallon motar, ni kuma in sulale in tafi kasuwa ba tare da mun haɗa ido ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in a kan sitiyari ne nake gaya wa batir yana cin mako uku.

Da rana, idan ya shiga ciki, nakan sa a tura mini ita har ƙarshen layi in tayar in kai gareji. Makaniken farko bai ma gama saurare ba ya ce ruwa ya shiga, metal ɗin cikin inji ya ci, saura ƙiris ta yi nokin, wato injin ya mutu gaba ɗaya. Na biyu ya ce in daina wahalar da kaina, a cire injin a sa mata na tokumbo na wata motar daban. Da maganar ta kai kunnen Yaya Sule, babban wanmu, sai ya ce a sayar wa 'yan gwangwan tun tana iya motsi, kuma ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Shi ba mugu ba ne, mutum ne da ba ya son jan magana. Amma ni na san idan hakan ta tabbata, ni ne zan durƙusa a gaban Baba in gaya masa na kashe masa mota saboda buhun wake.

Wani mai suna Ba Modu ne ya fitar da ni daga ruɗanin. Dattijon Babarbare ne, direban babbar motar da ke kawo mana kifi, kuma ya san Baba tun suna samari. Da na ba shi labari, ban da zancen kududdufin, sai ya ce yaran yanzu ba su san irin wannan injin ba, sun saba da wanda ake jona wa na'ura ta faɗi ciwonsa. Ya ce akwai wani Usta Abakar, wanda suka koyi aiki a hannun maigida ɗaya da Baba, ya koma Kusiri ta ƙasar Kamaru da zama domin a can har yanzu irin waɗannan motoci suna aiki.

"Ranar Talata ina da lodi zuwa Gamboru," in ji shi. "Ka shiga gaba, ni ina bayanka da igiya. In motan ya tsaya, na ja shi."

Na cika kwali guda da banda mai kyau a matsayin tsaraba, na ce wa mutanen gida zan kai motar gyara, muka tashi.

Ga wanda bai taɓa bin hanyar Dikwa ba, ba a kama ta kai tsaye. A tashar Muna ake taruwa da safe, motoci su jeru, a jira rakiyar sojoji. Ka'idar kuma kowa ya san ta: ayari ba ya tsayawa jiran wanda ya lalace. Ina cikin layi, tsakanin manyan motoci da bas-bas, wani soja matashi ya zagayo, ya tsaya yana kallon motar kamar ya ga kakarsa a filin ƙwallo. Ya tambaye ni tafiya za ta yi ko rakiya ta zo. Da ya kara kunne a bonet, sai ya girgiza kai, ya ce irin ƙarar da janaretansu ya yi ke nan kwana biyu kafin ya fashe. Na yi masa godiya, ban san ta mene ne ba.

Hanyar ramuka ce, kuma wannan ya yi mini daidai, don babu mai gudu. Na sauke gilashi, kunne ɗaya a inji, ido ɗaya a kan allurar zafi, ɗayan a madubi ina tabbatar da Ba Modu yana nan. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Muka wuce ƙauyukan da mutane suka fara komawa, ga sabon jinka a gefen tsohon bango, amma gaskiya ban kalli komai da kyau ba. Ƙarar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, ta dai zauna mini a ka.

A Dikwa aka tsaya a sha ruwa. Na ƙi kashe motar don tsoron kada ta ƙi tashi, na ci burodina a tsaye a gefenta kamar mai jinya. Nan fa likitoci suka taru. Mai shayi ya ce fanka ce ke taɓa wani abu. Wani direban bas ya ce in zuba mata man giya mai kauri, ƙarar za ta yi shiru. Wani mai sayar da rake, wanda na tabbata ko keke bai taɓa gyarawa ba, ya ce karanshaf ne ya tsage, ya ma nuna mini daidai wurin da sandar rakensa. Har na fara neman inda ake sayar da man giyar, Ba Modu ya riƙo hannuna.

"Habu, kar ka sa masa komai. In ka toshe bakinsa, Usta zai ji me?"

Mun isa Gamboru da yamma, muka sauka a gidan surukin Ba Modu. Aka kawo mana burabusko da miyar yakuwa, na ci kaɗan don kunyar masu gida. Da safe Ba Modu ya sauke lodinsa, ya ajiye babbar motar, ya naɗe igiyarsa ya shigo tawa ya zauna a gaba. Sai da muka hau gadar kan iyaka na tambaye shi da me zai ja ni yanzu, tunda motar jan tana baya. Ya ce igiyar dai tana nan, mota kuwa Allah zai kawo.

A ɓangarenmu ba a daɗe ba. A Fotokol, ɓangaren Kamaru, aka ba motar takardar izinin shiga, sannan jandarma, 'yan sandan can, suka zo dubawa. Su ba ruwansu da tsufan mota, abin da suke so su gani shi ne abin kashe gobara, da akwatin magani, da jan ƙarfen nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi idan mota ta lalace. Mu a gida ganye muke karyowa mu zuba a hanya, kowa ya gane. Na fara neman abin da zan gaya musu, sai Ba Modu ya ce in ɗaga kujerar baya. Duk suna nan a jere, a naɗe cikin tsohon buhu, yadda Baba ya bar su. Sai dai da matashin jandarman ya duba ranar da ke jikin abin kashe gobarar, ya kira abokansa suka yi ta dariya, wai wa'adinsa ya ƙare tun kafin a haife shi. Kwalin banda ma aka buɗe, kowa ya sunsuna ya yaba.

Dariyar ce ta fito da babbansu, wani dogo mai furfura. Da ya ga motar sai ya tsaya cak. Ya zagaye ta yana shafa ta, ya ce da irinta mahaifinsa ya yi jigila tsakanin Marwa da Garwa, a kujerar bayanta ya girma. Ya roƙe ni in tayar ya ji muryarta. Na tayar. Yana jin ƙas-ƙas ɗin sai fara'arsa ta gushe, ya cire hularsa, ya ce da Hausarsa mai gardin Fillanci, "Ta gaji, ɗan'uwa. Tamu ma haka ta fara." Ya miƙo mini takarduna da hannu biyu kamar mai ta'aziyya. Duk maganganun da na sha a hanya babu wadda ta karya mini gwiwa kamar wannan, domin shi ba ba'a yake yi ba.

Daga nan zuwa Kusiri babu abin faɗa da yawa sai gargada da 'yan babur masu jarkokin mai. Abin da na lura da shi, mutanen can ba sa gajiya da musabaha. Ka tsaya tambayar hanya, sai an ba ka hannu. Ka dawo ka sake tambaya bayan minti biyar, a sake ba ka.

Mun shiga gari rana ta take, muka lalubo garejin a bayan wata unguwa kusa da kogi. Tsit. Ƙofa a buɗe, kayan aiki a jere, ba kowa a tsaye. A can idan azahar ta gabato sai kowa ya ajiye aiki har la'asar, ko da gobara ka zo da ita. A Maiduguri makanike yana jin tsayuwar mota zai fito daga ƙarƙashin wata yana goge hannu. Nan kuwa ga Usta can kwance a tabarma ƙarƙashin bishiya, ya rufe fuska da rawani, kuma maƙwabcinsa ya gargaɗe mu cewa ba a tashinsa. Na zauna ina ta tsaki a ciki. Ba Modu ya shimfiɗa igiyarsa ya yi matashi da ita.

Da la'asar ya tashi. Ɗan ƙaramin tsoho ne, Bashuwa, da farar jallabiya wadda ko ɗigon baƙin mai babu. Bai dube mu ba tukuna, motar ya duba, ya daɗe, sannan ya ce, "Ina Isa?" Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa ni ɗansa ne, na kuma gaya masa halin da Baba yake ciki. Ya goge ido da bakin rawaninsa, ya ce mu shiga gida mu ci abinci. Na ce Baba Usta, motar fa? Ya ce ta yi shekara arba'in tana jira, za ta iya jiran cin abinci.

A nan na yi abin kunyar da har yau Ba Modu yake tsokanata da shi. Na ɗauko kwalin banda da alfahari na ajiye a gaban Hajja, matar Usta. Ta buɗe, ta kalle ni, ta kalli katanga, ta fashe da dariya. Kogi ne a bayan katangar, kuma masunta a ƙofar gidanta suke wucewa da kifi yana motsi. Ta karɓa dai, ta sa albarka, sannan ta rama da gasasshen kifi ɗanye wanda ban taɓa cin mai daɗinsa ba, ni da nake sana'ar kifi. Suna cinsa da kisar, wata waina ce mai faɗi, siririya kamar takarda, a dangwala a miyar kuɓewa. Aka biyo da shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, sukari kamar za a yi alewa.

Sai da Usta ya shanye kofi na biyu ya ce in gaya masa duk abin da ya faru da motar, kada in rage. Ban san me ya sa ba, wataƙila idonsa ne, na faɗa masa har da kududdufin, abin da ban gaya wa kowa ba. Ba Modu ya juyo ya kalle ni. Usta kuwa tambaya ɗaya ya yi, ko motar ta mutu a cikin ruwan. Na ce ba ta mutu ba.

Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya shafa a yatsa, ya fita rana yana murzawa yana dubawa. Ya ce in da ruwa ya shiga, man zai yi fari kamar koko, in kuma metal ya ci, za a ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe. Babu ko ɗaya. Sannan ya ɗaga murya ya ce Hajja ta miƙo masa muciya. Na zaci ban ji daidai ba. Muciya ce sosai, ta tuƙa tuwo, har da ɓawon tuwo a bakinta. Ya sa na tayar da motar. Ya dafa kan muciyar a ƙasan injin, ya manna ɗayan kan a kunnensa, ya rufe ido. Ya matsa gaba, ya matsa baya, sannan ya hau sama kan murfin injin. Bayan haka ya riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Ya ce idan ciwon a ƙasa yake, ƙarar za ta canja in aka cire wayar wurin. Ba ta canja ba.

"Zo, wiledi," ya ce da ni, wato ɗana. "Ji da kunnenka."

Na kara kunne. A ƙasa wani gurnani ne mai laushi, kamar injin niƙa a unguwa mai nisa. A sama kuwa ga ƙas-ƙas ɗin nan tar, kamar keken ɗinki. Na ɗago ina jiran hukunci. Sai ya miƙa hannu ya kashe motar, ya mayar wa Hajja muciyarta.

"Ƙasa lafiya. Sama sai ta kwana."

Na roƙe shi ya gaya mini ko nokin ne. Ya ce shi ba ya buɗe inji da zafi, ba ya kuma yin magana a kan abin da bai buɗe ba. Da na san aikin, da wannan "ƙasa lafiya" ta ishe ni kwanciyar hankali. Amma ni mai kifi ne, abin da na ji kawai shi ne akwai sauran magana.

Mun kwana a wani ɗan masauki da suke kira oberji, na wata Madam mai fara'a wadda ba ta jin Hausa, mu kuma ba ma jin Faransanci, sai Ba Modu ya yi ta haɗa mu da guntun Larabcinsa. Na nemi bokitin wanka aka kawo mini tukunyar shayi. Barci dai ban yi na kirki ba. Da asuba muna fitowa daga masallaci na ga mutane suna wucewa da dogon burodi a hammata, tsirara, ko leda babu. Na ce wa Ba Modu a Maiduguri wannan ko kyauta ba mai karɓa. Ya saya mana biyu, kuma ni na cinye ɗaya da rabi.

Mun tarar da Usta ya riga mu, ya naɗe hannun riga. Ya taɓa injin da bayan hannu ya ji ya yi sanyi, sannan ya kwance murfin sama. A ƙarƙashinsa akwai wasu 'yan ƙarafa takwas a jere masu kama da yatsu, su ne tafet, su ke danna bawul su buɗe su rufe. Ya ce tsakanin kowane yatsa da bawul ɗinsa ana barin 'yar tazara, kuma da tafiya ta yi tafiya tazarar takan buɗe, sai yatsan ya riƙa bugawa maimakon dannawa. Ya zaro reza daga aljihu, irin ta aski ta da, ya zura a tazarar farko. Ta shige tana lilo. Ya kaɗa ƙarfen da yatsa, ya yi ƙas. Ita ce ƙarar da ta hana ni sukuni, ga ta a tafin hannun tsoho.

Na ce, "Baba Usta, ruwan ne ya jawo?"

Ya kifa murfin, ya goge cikinsa da tsumma da kananzir, ya miƙo mini. Cikin murfin cike yake da 'yan layuka da aka ja da ƙusa, sahu-sahu, sun kusa kaiwa ƙarshe.

"Maigidanmu ne ya koya mana. Duk ranar da ka ɗaure tafet, ka ja layi. Wannan duk hannun Isa ne. Bayan wata uku-uku yake yi. Yaushe ya kwanta?"

Na gaya masa. Ya ce to tun lokacin ba wanda ya taɓa su, ƙarar tana ƙaruwa a hankali, ni kuma kullum rediyo a kunne. Ruwan bai yi wa motar komai ba illa kashe rediyon, shi ya sa na ji abin da Baba ya daɗe yana ji daga kujerarsa.

Na zauna a kan wata tsohuwar taya, ina dariya hawaye na zuba, Ba Modu yana ta bubbuga kafaɗata yana hamdala. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan safiyar ba, kamar an sauke mini buhu daga ka. Amma da na sake duban layukan sai kunya ta biyo baya. Na tuna safiyoyin da mukan dawo daga masallaci mu tarar da Baba ya buɗe bonet, mu gaishe shi mu wuce, muna zaton ruwa yake dubawa. Mu huɗu ya haifa maza, babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye shi abin da yake yi.

Usta bai bar ni na daɗe a kan tayar ba. Ya ba ni sifana da sukudireba ya ce ni zan yi. Ya nuna mini yadda ake juya injin da hannu har yatsan ya saki, a sassauta noti, a juya sukuru, a zura reza. A wasu reza ɗaya, a wasu biyu a haɗe. Ya ce kada ta shige sakaka, kada kuma ta ƙi shiga, ta dai riƙa jan hannu kaɗan. Yana da ma'aunin kanti a akwati, amma ya ce wannan na wanda bai da hannu ne. Na ɓata na farko sau uku, na ƙuje ɗan yatsa, ya ƙi karɓa. Da muka gama na tayar, sai injin ya koma muryarsa ta da, amma da na kasa kunne akwai ɗan ƙas-ƙas siriri can ciki. Na ce a ƙara matsewa ya ɓace gaba ɗaya. Ya harare ni, ya ce wannan ɗan sautin shi ne lafiyarta, ranar da na ji ta yi shiru ɗif in ji tsoro, don an matse ta ke nan kuma bawul zai ƙone.

Na ɗauko ƙusa na miƙa masa ya ja layin. Ya ƙi.

"Ba murfina ba ne. Ka je gida, ka bari ta kwana, ka buɗe a gabansa ka sake awo. Ka kuma gaishe shi, ka ce Abakar yana nan bai mutu ba."

Dawowa ba ta da labari. Na so in tarar da dogon jandarman nan a Fotokol ya ji da kunnensa, amma ba ya bakin aiki, na bar masa saƙo. A Dikwa mai shayi ya saurara, ya ce ai shi ya faɗa tun farko fanka ce. Ban musa ba, na sha shayina a zaune, motar a kashe.

Mun shiga Galtimari da yamma. Wannan karon ban tsaya a ƙarshen layi ba, na kawo ta har ƙofar gida tana aiki. Baba yana kan kujerarsa. Tun kafin in tsaya na ga ya karkata kai. Na fito na durƙusa a gabansa, na gaya masa komai, da waken, da kududdufin, da cewa batir lafiyarsa ƙalau. Ya kalle ni, sannan ya motsa baki da kyar.

"Na sani."

Na isar masa da gaisuwar Usta Abakar. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

Da safe muka matso da kujerarsa har jikin motar, ni da Yaya Sule, wanda tun da ya ji injin bai sake ambaton 'yan gwangwan ba. Na kwance murfin. Na sa reza a hannun hagun Baba, na riƙe masa wuyan hannu yana zurawa. Na farko ya gyaɗa kai. Na biyu ma haka. A na biyar ya ja, ya sake ja, ya girgiza kai. Na sassauta, na juya kaɗan, ya sake gwadawa, sannan ya gyaɗa. Da muka gama na goge cikin murfin na ɗora masa a cinya, na ba shi ƙusa. Ya dubi layukansa na ɗan lokaci, sai ya turo mini ƙusar. Na ja nawa a ƙarshen sahu. Ya fito a karkace, ya kuma fi sauran tsawo.

Da na tayar, bai lumshe ido yadda ya saba ba. Kujerar gaba ya nuna. Muka ɗauke shi muka zaunar, na ja a hankali muka fita layi muka hau titi. Ban yi nisa ba na sa giya ta uku tun lokacinta bai yi ba, motar ta ɗan yi shaƙuwa. Sai na ji duka a gwiwata, da hannun hagu, mai zafi kuwa. Tun da ya kwanta bai yi mini faɗa ba sai ranar.

Na mayar da ita ta biyu, na ce, "To, Baba."